Yadda Heluma Ya Koyi Numfashi

Argungu

Zuwa ga ɗiyata Hauwa'u, Uwata ta kaina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Gaisuwa mai yawa, da fatan kin sauka Birnin Kebbi lafiya, kin tarar da Gwaggonki da mutanen gidanta cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya kiyaye ki a hanya da masauki, Ya kare ki daga sharrin mutum da na aljan, Ya kuma kare bayin Allah daga kaifin bakinki. Ki ce amin har da ta ƙarshen, kada ki tsallake ta, don saboda ita na ari biron maƙwabci na zauna rubutu.

Labarin gida ba zan ɓata takarda a kansa ba. Innarki za ta aiko miki da shi ta bakin direba, har da na akuyar da ta haifi tagwaye. Ni magana ɗaya ce ta tsaya mini a wuya, na kasa faɗa miki ita a tasha ranar da kika tafi, sai na ɓige da yi wa masu lodi faɗa a kan akwatinki.

Kwanakin baya, kafin takardar ƙarin girmanki ta zo daga Sakkwato, na je asibitin nan namu karɓar maganin gwiwa. Ina zaune a benci ina jiran layi sai na ji wata murya ta keto taga: "Wa ya bar bokitin nan a hanya? Ku mutane ne ko turame?" Uwata, sai da na waiga in ga ko ni ne na yi maganar ban sani ba. Kalmomina ne ɗaya bayan ɗaya, har da yadda nake jan ƙarshen. Na leƙa, sai ga ki tsaye da farar hula, hannu a ƙugu, wata baiwar Allah mai shara da ta isa ta haife ki ta sunkuyar da kai. Na ce to, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Dariya ta zo mini, kafin ta ƙare kuma kunya ta rufe ni, don na san gidan da kika ɗauko wannan gado. Maganin gwiwar ma ban tsaya karɓa ba.

Yanzu an damƙa miki ɗakin masu jinya sukutum, da ma'aikata a ƙarƙashinki, ni kuma ba na kusa. Shi ya sa zan ba ki labarin Mamman Gulma, mutumin da na fi so in riƙe a duk shekarun da na yi aiki, da irin shirmen da na tafka garin riƙe shi.

Kina makarantar kwana lokacin, injin casar shinkafar nan na bakin gari daga nesa kawai kika san shi. Ni ne heluma, duk leburori a hannuna suke. Da kaka ta yi, shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, ta fara shigowa daga Augie da Ambursa da ƙauyukan fadama, wurin ba masaka tsinke. Motoci na jira, 'yan kasuwa na jira, manaja na leƙowa ta taga yana duban agogo. Ni kuwa a ganina aikin heluma ihu ne. Tun safe nake buɗe maƙogwaro, ba na rufewa sai an kashe inji. Ashe leburori sun laƙaba mini suna Inji Na Biyu, wai na fi na farkon ƙara, kuma ni ko mai ba a zuba mini. Sai bayan shekaru na ji sunan. Da a lokacin na ji, da an kwashi 'yan kallo.

Mamman Gulma shi ke bakin inji. Ya girme ni nesa ba kusa ba. Masunci ne tun kakanni, ya bar ruwa ya hau tudu wata shekara da gulbi ya janye. Bai yi boko ba, amma da kunne yake tuƙa injin nan. Yana tsaye sai ki ga ya karkata kai ya ce, "Dutsi ya shiga." A kashe, a buɗe, sai ga tsakuwa. Shinkafar da ta bi ta hannunsa doguwa take fitowa, fes, ba karaya. Saboda shi 'yan kasuwa ke tsallake wasu injina su zo namu, ba saboda kyawun fuskata ba.

Kuskurena na farko a gaban wata Alhaja na yi shi, Bayarabiya mai sayen shinkafa da ta daɗe zaune a Birnin Kebbi, Hausarta ta fi tawa tsari. Buhunanta suka fito rabi duk karyayya. Ban tambayi kowa komai ba, na yi kan Mamman. Na ce tsufa ya cinye masa kunne. Na ce in aikin ya gagare shi ya koma ruwa ya kama ƙurungu, can ne ajinsa. A gaban leburori, a gaban direbobi, a gaban mata masu tallar fura. Alhaja da kanta ta riƙe baki ta ce, "Haba Heluma, ka ji tsoron Allah, wannan ai yayanka ne."

Mamman bai ɗaga murya ba. Ya debo shanshera a tafin hannu ya nuna mini, ya ce, "Heluma, rana ta sha ta wuce kima. Kai ka ce a bar ta kan dandamali har la'asar." Gaskiya ce, ni na ce, don ina saurin a fara zubawa washegari. Sai ya kakkaɓe hannunsa ya ƙara da cewa, "In anka gama kaka, za ni gida." Ya koma bakin aikinsa.

Uwata, magana zarar bunu ce. Kafin ki buɗe baki a kan ma'aikaci, ki tambaya tukuna, don sau da yawa igiyar laifin in kika bi ta, a ƙafarki za ki same ta ɗaure. In kuma laifinsa ne da gaske, ki ja shi gefe. Gyara a ɗaki gyara ne, gyara a gaban jama'a cin mutunci ne, ko da kalmomin iri ɗaya ne.

Daga ranar hankalina ya tashi. Kaka saura wata biyu da 'yan kwanaki, in Mamman ya tafi na san shinkafarmu ta zama tsaki. Amma girman kai ya hana ni ba shi haƙuri, sai na riƙa aika masa goro ta hannun mutane, shi kuma yana raba wa leburori. Jikina ma ya fara karɓar nasa rabo. Ciwon kai kullum, wuya ya sandare kamar an ɗora mini buhu, ƙirji na dukan tara-tara ko ina zaune. Ƙwayar ciwon kai nake watsawa a baki kamar gyaɗa. Na san ke ma'aikaciyar asibiti ce, ba sai kin yi tsaki ba, na ji shi tun daga nan.

A nan Ba'indiyenmu ya shigo labarin. Kamfani ne ya kawo shi ya kula da sabon inji. Sunansa ya gagari bakinmu, sai muka sa masa Sannu-Sannu, don ita ce Hausar da ya fara koya, kuma ita yake faɗa ko gobara ta tashi. Ɗan siririn mutum, ba ya cin nama, ba ya cin kifi, a Argungu fa! Kullum da safe kafin a tada inji sai ya shimfiɗa 'yar tabarma a gindin dogon yaro, ya yi ta miƙa kamar kyanwar da ta tashi daga barci, ya lanƙwasa nan, ya karkata can, daga ƙarshe ya zauna ya harɗe ƙafafu ya lumshe ido. Wai yoga sunan abin a garinsu. Ni ne shugaban masu yi masa dariya. Nakan ce wa leburori, "Ku duba, yunwa ce ke murɗa shi, da zai ci tarwaɗa ɗaya da ya warke."

Wannan shi ne kuskure na biyu, raina abin da ban sani ba. Wata rana na gama zazzaga wa wani direba ruwan masifa, ina tsaye ina haki, sai Sannu-Sannu ya zo ya kama hannuna ya ɗora mini a ƙirjina. Ya ce da 'yar Hausarsa, "Umaru, ji. Kare ya biyo ka?" Na ce wane irin kare? Ya ce, "To me ya sa numfashi na gudu?" Na saurara, wallahi kuwa sama-sama nake yi, iskar ko wuya ba ta wucewa. Ya sauko da hannun nawa kan ciki ya ce nan iska za ta riƙa isa, kamar yadda jariri ke yi in yana barci. A ja ta hanci a hankali har ciki ya taso. A sake ta a hankali, fitar ta fi shigar tsawo, kamar mai hura kunu mai zafi. A saki kafaɗa. A saki muƙamuƙi. In tunani ya gudu wurin motoci da manaja, a kamo shi a dawo da shi kan iskar, ba tare da an yi masa faɗa ba.

Na fizge hannuna na ce ni ba yaro ba ne, shekara arba'in da wani abu ina numfashi ba wanda ya koya mini. Amma da azahar na saci jiki na shiga sito, na ɓuya a bayan buhuna kamar ɓarawon kaza, na gwada. Sau goma na yi. Uwata, ashe kafaɗuna a kusa da kunnuwana suke kwana suke tashi ban sani ba! Da suka sauko sai na ji kamar an sauke mini kaya. Na yi kwana bakwai ina shiga sito. Ran na takwas na dawo gida, akuya ta sa kai a kwanon tuwona, na ce mata "kauce" kawai. Innarki ta aje tsintsiya ta zo ta taɓa goshina, wai ko zazzaɓi ne.

To ki riƙe wannan, ba ya cin wuri, ba ya bukatar tabarma. Kina da famfon wanke hannu a ɗakinki, kuma sau nawa kike zuwa gare shi a wuni? Duk zuwa, ki ja iska uku irin wadda na faɗa, ki ji sanyin ruwan a hannunki, ki bar majinyacin baya a baya kafin ki je ga na gaba. In kina gaban gado ɗaya, ki zama a gaban gadon nan kike, ba rabinki a nan rabinki a ofishin likita ba. Kuma ki riƙa yi tun ranar da ba abin da ya ɓata miki rai, don ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai saba ba, in wuta ta taso masa ba zai tuna yana da hanci ba.

Yanzu ga kuskure na uku, babban shirmen, ki gyara zama. Da na ga abin ya yi mini amfani sai na ce ai na samo maganin da zai riƙe Mamman. In duk leburori suka natsu, wuri ya yi sanyi, ina zai je? Ban shawarci Sannu-Sannu ba, don ya yi tafiya Sakkwato, ban shawarci kowa ba. Na je kasuwa na sayo usur.

Ranar Litinin da rana tsaka, daidai lokacin da suke ɗan hutun cin abinci, wanda shi ke nan gare su a wuni, na busa usur. Na ce kowa ya ajiye kwano, ya ɗauko buhu ya shimfiɗa a kan dandamalin shanya. A rana fa, siminti na ƙuna. Na jera su sahu-sahu kamar 'yan makaranta, na tsaya a gaba ina ba da oda. "Ku harɗe ƙafa! Ku rufe ido! Iska ciki! Na ce ciki, Audu, kai kurma ne? Ku natsu! Wallahi duk wanda bai natsu ba zai gamu da ni!"

Kin taɓa ganin an natsu da tsawa? Ƙatti majiya ƙarfi, masu ɗaukar buhu a ka suna tafe suna hira, ga su zaune suna zufa, ido ɗaya a rufe ɗaya na kan kwanon da ƙuda ke bi. Audu na Augie, wani gabjeje, ya yi ƙoƙarin ɗora ƙafa kan cinya irin ta Ba'indiye, sai ji muka yi ɓarrr, wando ya rabu gida biyu. Wani ya fara minshari a zaune. Wani ƙafarsa ta riƙe, sai ɗaga shi aka yi kamar tulu. Mamman kuwa ko motsi bai yi ba daga inda yake, yana gindin bango yana cin dambunsa yana kallonmu. Na ce, "Mamman, ba ka ji usur ba?" Ya ce, "Na jiya. Ni ba soja ba ne."

Kwana huɗu muna wannan gyaran gangar Auzinawa. Masu tallar fura kuma ba su bar abin a nan ba, suka kai shi gari da gishirinsa. Kafin Juma'a, magana ta cika unguwa cewa heluma ya shigar da leburori addinin Indiya, wai har rana muke yi wa sujada. Ga Gwaggonki nan kusa da ke, ki tambaye ta, har Birnin Kebbi labarin ya same ta, ta aiko a tambaya ko na taɓu.

Limamin masallacin unguwarmu, Allah Ya jiƙansa, ya aiko kirana. Na je zaure na durƙusa. Ya ce in nuna masa abin da muke yi. Haka na zauna gaban dattijo ina jan iska ina hurawa, ina karkata wuya dama da hagu. Ya ce, "Akwai sunan wani da kuke kira?" Na ce babu. "Akwai abin da kuke fuskanta?" Na ce babu, Malam, sai injin casa. Ya yi murmushi ya ce, "Wanga ai motsa jiki ne, kamar mai miƙa in ya tashi barci. Nasu na addini ku bar musu, na lafiyar jiki ba laifi." Na fara godiya zan tashi, sai ya ce in zauna. Ya ce, "Umaru, shekara nawa kana salla bayana? In na duba nafilarka, kamar kaza na tsattsagar tsaba. Natsuwar da ka tafi nema wurin baƙo, sau biyar take jiranka kullum a masallaci, kai ne ba ka tsayawa ku gaisa." Na fita zauren nan kunnuwana na zafi.

Sannu-Sannu ma da ya dawo daga Sakkwato ya ji abin da na yi, sai ya dafe kai. Ya karɓi usur ɗin ya jefa a aljihunsa, ya ce, "Umaru, wannan ba dole. Dole, ba yoga." Ban sake ganin usur ɗin ba har ya bar ƙasar.

Saboda haka in kin ga amfanin abin, kada ki mayar da shi doka. Kada ki jera ma'aikatanki ki ce kowa ya ja iska. Ki yi naki, su gani a fuskarki, mai so zai tambaya. Kuma ko kusa kada ki taɓa lokacin hutunsu da cin abincinsu da sunan kina nema musu sauƙi.

Kuskure na huɗu shi ne wanda ban gane da kaina ba, sai da aka nuna mini. Na ajiye girman kai na sami Mamman bayan la'asar, yana share bakin inji. Na ce, "Yaya Mamman," karo na farko ke nan da na kira shi haka, "me ya sa ka ƙi zama da mu?" Ya dube ni ya ce, "Heluma, mi za ka koya mani ga numfashi? Tun ina ɗan shekara bakwai nike nutso." Ya ce masunci kafin ya nutsa yakan kwanta kan gorarsa ya yi shiru, ya saki jiki, ya fitar da iska a hankali har zuciyarsa ta kwanta, sannan ya shiga. Mai fushi da mai gaggawa ba sa daɗewa a ƙarƙashin ruwa, nan da nan suke tasowa hannu wofi. Na ce to ai shi ne abin da nake so ku yi! Ya ce, "Awo. Amma ka taɓa ganin wanda ya wuni cikin ruwa bai taso ba? Kai ka danne mu ƙasa tun safe, kana ce muna mu gyara numfashi."

Ya lissafa mini, ina tsaye kamar ɗalibi. Ɓuntun shinkafa na cin jikin mai tsayawa a bakin da yake fita, kuma mutum ɗaya nake bari a wurin wuni zubur. Ruwan sha sai an je rijiya can bayan shinge, in mutum ya je in ce ya gudu daga aiki. Ba inuwar da za a zauna. Salla a gurguje, ɗaya bayan ɗaya, inji na ruri. Ya ce, "Na ƙarshe kuma kai ne." Duk abin da ya lissafa gaskiya ne.

Washegari na shiga ofishin manaja, na ja iskata uku a bakin ƙofa, na roƙa maimakon in yi faɗa. Aka kafa rumfar zana. Aka girke randuna biyu a ƙarƙashinta. Bakin ɓuntu aka mai da shi karɓa-karɓa. Da azahar a kashe inji ɗungurungum, a yi salla cikin jam'i a tsanake, a ci abinci, a ɗan miƙe ƙafa. Manaja ya ce aiki zai ragu, na ce a gwada mako biyu. Bai sake tada maganar ba.

Abin dariya, da aka daina tilasta musu sai ga su suna yi da kansu. Audu ne ya fara zuwa wurin Sannu-Sannu a kan ciwon baya, ya koya masa wata miƙa da ake dafa bango. Ta yi masa daɗi, saura suka bi. Numfashin kuwa wurin Mamman suka ɗauka, don nasa na gida ne, ba mai cewa addinin wani ne. Suka sa masa suna nutson tudu. In rai ya fara ɓaci tsakanin mutum biyu sai ka ji na uku ya ce, "Kai, je ka yi nutso ka dawo." Har ni suka fara gaya wa haka, da farko a ciki-ciki, daga baya a fili.

Ki lura da wannan da kyau, Uwata, don shugabanni sun fi son kuskuren nan. Ya fi sauƙi a ce wa ma'aikaci ya kwantar da hankalinsa da a rage masa kaya. In kin ga mutanenki a gajiye suna cizon juna, kafin ki ba su shawarar numfashi ki duba wa kika bari a aiki mafi wuya kullum, wa bai ci abinci ba, wa ya kwana biyu bai ga 'ya'yansa ido biyu ba. Ki tambaye su, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ana saura mako biyu a gama kaka aka gwada ni. Motoci uku a tsaye, Alhajar nan ma tana ciki, sai bel ɗin inji ya tsinke, fau! Wuri ya yi tsit. Na ji wutar ta taso daga cikina ta iso wuya, kalmomin har sun jeru a kan harshe, da turame da komai. Duk leburori sun noƙe kai suna jiran aradu. Na juya musu baya, na dafa buhu, na yi nutsona. Ɗaya. Biyu. Uku. Na juyo na ce, "Ba wanda ya ji ciwo ko?" Audu ya ɗaga kai ya dubi sama, wai ko daga can maganar ta fito. Aka kwashe da dariya, har Alhaja. Mamman da Sannu-Sannu suka ɗinke bel kafin shayin direbobi ya huce, don ranar ba mai yi musu tsawa a ka.

Na koma gida ina taƙama. Na ce wa Innarki Mamman ya zauna an gama, ta dafa mini kaza.

Ranar da aka share dandamali aka rufe kaka, sai ga shi da ƙunshin kayansa a kafaɗa, ya zo sallama. Na ce, "Haba Yaya Mamman! Ba ka ga na canja ba? In don maganar ranar nan ce, ka yafe mini, na yi kuskure." Ya ce, "Na yafe tun ranar, har ga Allah. Kuma ka canja, kowa ya shaida." Na ce to me ya rage? Ya dafa cikinsa ya ce, "Ni na yafe, wanga ne bai yafe ba. Shekara shida, in na ji takun takalminka daga bakin ƙofa sai shi murɗa. Yanzu ka zo da fara'a, da gaisuwa, amma shi bai sani ba, murɗawa yake. Na gaji da shi, Heluma. Ina son in ƙarasa kwanana inda ba takun da nike saurare."

Na raka shi har tasha, na riƙe masa ƙunshin, ya hau mota ya tafi Gulma. Shinkafarmu ba ta sake fitowa kamar tasa ba har na bar aiki.

Kada ki ce labarin baƙin ciki na ba ki. Kin san shi ai, shi ne tsohon nan da ke aiko mana da busasshen kifi duk shekara. Yanzu aminina ne, nakan je Gulma mu zauna bakin ruwa mu yi ta dariyar wandon Audu. Sai dai aminci daban, abin da na ɓata daban. Na koyi numfashi, na koyi rufe baki, amma a kansa na koya, kuma kafin in iya ya riga ya ƙone.

Ke yanzu kika fara. Mutanen ɗakinki ba su san takunki ba tukuna, kuma takalman nan naku na asibiti ƙwas-ƙwas suke, tun daga nesa ake jin su. A 'yan watannin nan cikinsu zai yanke hukunci a kanki, ko ya saki in sun ji ki, ko ya murɗa, kuma in ya yanke ba ya jin ban haƙuri. Ki yi nutsonki a bakin ƙofa kafin ki shiga, kullum, ko ranar da kike jin ba ki bukata.

Saura abu ɗaya, shi ne ya fi yi mini nauyi, don ba a saba uba ya faɗa wa ɗiya ba. Shekarun da nake Inji Na Biyu, ba a wurin aiki nake kashe injin ba, da shi nake shigowa gida. Ina sane da yadda hira ke mutuwa a tsakar gida in na yi sallama, ke da ƙannenki kowa ya nemi abin yi. A lokacin ina ce tarbiyya ce. Mamman ya samu mota ya tafi Gulma, ku ba ku da inda za ku. In har naki cikin ma yana murɗawa in kin ji takuna, Uwata, ki yafe wa tsohonki. In kin zo hutu ki gaya mini gaskiya, na yi alkawari zan ja iska uku kafin in amsa.

Allah Ya yi miki albarka, Ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga marasa lafiya, zuwanki ya zama sanyi ga waɗanda ke ƙarƙashinki. Ya tsare fitarki da shigarki, Ya dawo mana da ke lafiya. Ki gaishe da Gwaggonki da kyau. Innarki da ƙannenki duk suna gaishe ki.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki,
Umaru, tsohon heluma